Sunan da na laƙaba masa

A kasuwar Dole ta Damagaram akwai wani magidanci mai rumfar bokitai da robobi, shekarunsa sun ɗan haura 30. In ka shiga layinsu kana tambayar sunansa na yanka, da ƙyar za ka samu mutum biyu da suka sani. Amma ka ce Sarkin Barci kake nema, ko ɗan kabu-kabun bakin hanya zai miƙa hannu ya nuna maka. Ni na laƙaba masa wannan suna, da bakina, a gaban yara sama da 80, lokacin yana ɗan shekara 12. Sunansa na gaskiya ba zai fito a rubutun nan ba. Na riga na yi masa ɓarna ɗaya ta wajen suna, ba zan ƙara ta biyu ba.

Ni mushe ne. Na san ƴan'uwanmu na Kano da Katsina za su yi dariya, don a wurinsu mushe dabba ce da ta mutu ba yanka. Mu ma mun san wannan mushen, amma a bakin ɗan Nijar mushe malamin lakwal ne, wato makarantar boko, kalmar Faransanci ce muka lanƙwasa har ta zauna a harshenmu. Na yi sama da shekara 30 alli yana cin yatsuna, daga ƙauyukan Magarya zuwa na Tanut, kafin a dawo da ni cikin garin Damagaram. Matasan malamai kan tambaye ni dabarar riƙon aji. Nakan ce musu ba ni da wata dabara. Abu ɗaya na yarda da shi, shi ma sai da na yi abin kunya na koye shi: babu yaron da yake shigowa aji hannu rabbana.

An sa ni lakwal a 1975, a wani ƙauye na ƙasar Mirya, mutane ba su gama miƙewa daga farin 1973 da 1974 ba. A wancan zamanin ba iyaye ke kai yaro ba, maigari ake aiko wa ya kawo yara kaza. Mai faɗa-a-ji ya ɓoye nasa ko ya tura shi wurin dangi, ɗan wanda ba shi da kowa a fada shi ake rubutawa. Mahaifina ba shi da kowa. Ga shi kuma ni bahago ne. Mushenmu na fari ya ɗauki hannuna na hagu abokin gaba, duk sanda na kai shi ga alli sai in ji sanda a kan ƴan yatsu. Akwai kuma sambol. Namu ƙashin jaki ne da aka ɗaura wa igiya. Wanda Hausa ta suɓuce daga bakinsa a harabar lakwal a rataya masa, shi kuma ya yi ta kasa kunne ya kama wani ya sauke masa, wanda ya kai yamma da shi a wuya ya sha bulala. Sai na gano hanyar tsira, na daina magana. Shekara uku ina bencin baya, hannun dama yana rawa a kan allo, baki a kulle. Mushe ya yanke hukunci cewa ni jaki ne. Na yarda, don a gida ba mai iya duba kayena, wato littafin rubutuna, ya ƙaryata shi.

A aji na huɗu, CE2, aka kawo mana wani saurayin mushe daga wajen Dogondutsi. Wata rana a hutun ƙarfe goma ya tarar da ni gindin bedi ina zana raƙumi a ƙasa da tsinke, da hagu. Ya daɗe tsaye yana kallo. Da na lura da shi na ɓoye hannun a baya. Sai ya durƙusa, ya yi mini magana da Hausa, abin da ban taɓa ji a bakin mushe ba: “Tuwo ka ci da dama, yadda iyayenka suka koya maka. Bik na rubutu kuwa ka ba hannun da ya fi jin maganarka.”

Iyakar abin da ya yi mini ke nan. Bai ba ni ko dala ba, bai mai da ni ɗan gidansa ba. Shekarar ta ƙare ina cikin goman farko. Na ci sartifika, jarrabawar gama firamare, na wuce kwalej, daga bisani na shiga makarantar horon malamai ta Askiya Muhammad a nan Damagaram. Ranar da aka damƙa mini ajina na farko na yi wa kaina alkawari ba zan taɓa kiran ɗan wani jaki ba.

Ban kuwa kira ba. Sai dai shaiɗan ba ya biyo maka ta ƙofar da ka kulle.

Wanda bai taɓa tsayawa gaban aji a ƙasar nan ba ba zai gane yadda idon malami ke gajarta ba. Benci na mutum biyu yara huɗu a kai, sauran a tabarma. Littafi ɗaya, kawuna biyar. Wani lokaci ajin ma rumfar zana ce, iska ta shigo da ƙura, akuya ta leƙo. Ƙarshen shekara kuma tambaya ɗaya darekta zai yi maka, ita ce wadda shi ma za a yi masa daga sama: nawa suka ci? To sai ka fara zaɓe ba tare da ka ce wa kanka zaɓe kake yi ba. Bayan kowace jarrabawa a sake zama, na farko a gaba, na ƙarshe can jikin bango. Na gaba su ne ɗalibai, na tsakiya sai yadda ta yiwu, na baya ƴan rakiya. A dikte, wato shifta, kuskure biyar sifili ne, ko da yaro ya rubuta kalma 60 daidai. Ranar faɗin sakamako mu fara daga na ɗaya ana tafi, mu gangara har na ƙarshe, aji ya yi masa ihu. Na yi wannan shekara da shekaru, ana kuma yaba mini, don ƴan gabana suna ci. Ban taɓa ganin laifinsa ba. Ni da aka ɗauko daga jikin bango.

Damanar 2004 ba ta yi kyau ba, fara kuma ta bi wasu wurare ta ƙarasa abin da ya rage. 2005 ta zo da yunwar da duk ɗan Damagaram da Maradi yake tunawa. Tiyar hatsi ta gagari talaka, gidajen ba yara masu tamowa abinci suka cika. A shekarar ina riƙe da CM1, aji na biyar, a wata lakwal ta gefen gari.

Yaron nan dogo ne siriri, yana bencin ƙarshe ta kusurwa. Kafin ƙarfe tara kansa ya kwanta a kan teburi. Na jefe shi da alli, na sa shi durƙuso, na tura shi ya wanke fuska, duk a banza. Lissafi sifili, dikte sifili. Wata safiya ina tsakiyar darasi na ji minshari. Raina ya ɓaci, sai kuma shaƙiyanci ya zo mini. Na yagi tsohuwar takardar buhun siminti, na naɗe ta kamar rawani, na lallaɓa na ɗora masa, na ce wa aji: “Ku tashi ku yi gaisuwa, yau an yi naɗi. Ga Sarkin Barci.” Garinmu garin sarauta ne, yara sun san yadda naɗi yake. Wani ya dunƙule hannu a baki yana busa kamar kakaki, wasu suka zube suna “Allah ya ja zamanin sarki”, ƴanmata suka rangaɗa guɗa. Ya farka, ya taɓa kansa, ya dube ni. Sai shi ma ya yi dariya. Wannan dariyar tasa ita ce har yau take hana ni sukuni, don na san ta. Irinta nake yi sanda ake kirana jaki.

Kowa ya san halin Damagaram da ruwa. Gari ne da ke zaune kan dutse, ka haƙa rijiya ka ci karo da fa. Ruwan da muke sha daga nesa ake turo shi, ta su Gogo da Arunguza, kuma akan ce ƙarancinsa yana cikin dalilan da suka sa Faransawa suka ɗauke babban birni daga nan suka kai Yamai a 1926. Da bazara famfo sai ya ga dama, galibi cikin dare. A watan Afrilun shekarar famfon gidana ya yi kwana huɗu ko ɗigo babu. Uwargida ta tashe ni wajen ƙarfe uku na dare ta ce an ce ruwa ya zo a famfon unguwar gaba. Na ɗaura bido biyu, wato jarkokin ruwa, a babur na tafi.

Layin bido ya yi kwana ya shiga lungu. Can gaba, cikin hasken fitilar mai famfo, na ji muryar yaro yana gardama da wata mata a kan canji, yana jero mata lissafi kamar mai karanta wasiƙa: bido kaza na jiya, kaza na shekaranjiya, ta ba da kaza, saura kaza. Matar ta ƙirga da yatsu, ta ƙirga, ta ce gaskiyarka. Ya juyo zai kama amalankensa muka haɗa ido. Ya sunkuyar da kai ya ce, “Mushe, ina kwana.” Ban san abin da na amsa ba.

Da la'asar na sa wani ɗan ajin ya raka ni gidansu. Ɗaki ɗaya ne da rumfa. Wata tsohuwa ta shimfiɗa mini buhu, ta ce, “Mushe, laifi ya yi?” Na ce, “A'a Iya, gaishe ki na zo yi.” Kakarsa ce. Uban ya tafi biɗa Libiya ta Agadas shekara uku ke nan, ba aike ba labari. Uwar ta rasu. Shi ke tashi ƙarfe biyu ya kama layi, ya yi sawu biyu ko uku kafin gari ya waye, da kuɗin ake sayen garin da ita da ƙannensa biyu za su ci. Ta ce, “Na ce ya bar lakwal ɗin nan ya huta, ya ƙi. Wai ko barci ne gara ya yi shi a can, yana jin karatun sama-sama.” Sai fuskarta ta washe, ta ƙara da cewa, “Ya gaya mini ma kun ba shi sarauta a aji. Allah ya saka maka da alheri, Mushe, Allah ya raya naka.”

Na ce amin. Me zan ce?

A hanyar komawa suratu Abasa ta faɗo mini. Na haddace ta a allo tun ban kai shekara takwas ba, na sha karanta ta a salla, na san dalilin saukarta: makaho, Abdullahi ɗan Ummu Maktum, ya zo neman sani lokacin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake zance da manyan Ƙuraishawa. In har saboda mutum guda da ya zo da ƙishirwar sani aka saukar da ayoyi, to ni wane ne da zan ware yara 15 in ba sauran baya? Na kuma tuna makarantar allonmu. Ba na cewa ba ta da nata aibu, bulala a can ma ba ta hutawa. Amma a can kowane yaro da allonsa da inda ya tsaya, malam ya biya wa wannan ya juya ga wancan, mai Tabbat yada da mai izu 30 duk wuta ɗaya suke kewayewa. Ban taɓa jin an ce wane ne na ƙarshe ba.

Washegari da aka fita hutu na tsai da shi. Jikinsa yana rawa, yana zaton duka ne. Na tambaye shi da Hausa yadda cinikin yake. Ya ce amalanke bido goma take ɗauka, yana saye dala biyar-biyar, ya sayar dala sha biyar-biyar, ya ba mai amalanke dala ashirin, ya tashi da dala tamanin. Na ce to in bido 14 ne fa, a dala sha biyar, nawa ke nan? Ban rufe baki ba ya ce, “Jika ɗaya da dala goma.” Na ɗauki alli na buga 14 sau 75, ya ba ni 1050. Daidai. Irin wannan lissafin ne na ba su da Faransanci a makon da ya wuce, ya samu sifili.

A nan na ga abin da yake gabana tun ranar da na fara aiki. Ɗan Nijar yana ƙirga kuɗi da dala, dala kuwa sefa biyar ce. Kwabon da aka rubuta wa 100 shi dala ashirin yake ce masa, 500 dala ɗari, 1000 jika. Ke nan duk yaron da aka taɓa aika sayen magi yana ninkawa da biyar yana rabawa da biyar a kansa, kullum, kafin ya san sunan abin da yake yi. Mu kuma mu tarbe shi a ƙofar aji da harshen da bai taɓa ji a gida ba, in ya yi shiru mu ce kansa ba ya ja. Abin haushin, a garin nan namu ne aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Nijar mai koyarwa da Hausa tare da Faransanci, tun 1973. Muna jin labarinta, muna ɗaukarta wani abu na daban da bai shafe mu ba.

Ban zama waliyyi dare ɗaya ba. Abin da na fara yi shi ne rushe zaman daraja. Kowace Litinin layi ya matsa, na baya ya dawo gaba, don kowa ya ɗanɗana kusa da allo. Na rubuta sunayen ajin kaf a ƴan takardu na zuba a gwangwanin madara, wanda hannuna ya ciro shi zai amsa, ba mai ɗaga yatsa yana “mushe, mushe” kaɗai ba. Sai ga shi akwai yara wajen 20 da ban taɓa furta sunansu ba in ba wurin kiran suna da safe ba. Na daina karanta sakamako daga sama har ƙasa, kowa in miƙa masa kayensa a hannu. Lissafi kuma mu fara da dala da tiya da bido, da Hausa, sa'annan mu haye Faransanci. Shi kuwa yaron na ce masa in barci ya ci ƙarfinsa ya je bayan ƙofa ya kwanta rabin awa a tabarmata, in an tashi in maimaita masa abin da ya wuce shi.

Abokan aiki ba su bar ni ba. Wani dattijo a cikinmu, mutumin kirki ne kuwa, ya ce, “Ƙanena, yatsun hannu ma ba ɗaya ba ne. Za ka ɓata lokacin masu ƙoƙari a kan waɗanda ko ka yi me gona za su koma.” Maganarsa ba ta rasa gaskiya ba, awa ɗaya ba ta rabuwa 80 ta ishi kowa, kuma a shekarar farko ƴan gabana sun yi gunaguni. Na ce masa yatsu ba ɗaya ba ne, amma ban taɓa ganin wanda ya yanke ƙaramin don ya fi gajarta ba. Kuma wanda zai koma gona ai shi ya fi bukatar ya iya karanta abin da aka rubuta a buhun taki, tunda wannan ajin ne kaɗai rabonsa da boko.

Bayan shekara biyu aka kawo mini wata yarinya daga Kara-Kara, unguwar da aka sani tun asali da zaman kutare da makafi. Ita lafiyarta ƙalau, kakanta ne cutar ta ci wa yatsu. Ba mai yarda ya zauna kusa da ita, in ta sha ruwa a randar aji ba mai sake taɓa moɗar. Na yi musu bayani cewa kuturta tana warkewa, maganinta kyauta ne a duniya tun 1995, wanda ya fara sha kuma ba ya shafa wa kowa. Suka gyaɗa kai, moɗa dai ba a taɓa ba. Sai na mai da ita mai ɗebo mini ruwa, ta sha ta miƙo mini in shanye saura a gabansu. Wannan ya fi bayanin aiki. Ranar da muka zo darasin taswirar gari na gane abin da ita ta zo da shi. Tun tana ƙarama take yi wa wani makaho maƙwabcinsu jagora, babu lungun da ƙafarta ba ta taka ba. Ta tashi ta zana hanya daga unguwarsu zuwa gidan sarki a Birni, ta ratsa Zango, ta fito Sabon Gari, har da inda rami yake da inda kare ke cizo. Ajin ya yi tsit. Ni kaina a ranar na san wasu hanyoyin.

Kada wani ya zaci duk wanda na juya wa ido ya zama likita. Wasu daga cikin ƴan jikin bangon da na yi sakaci da su a shekarun baya na gan su daga baya cikin ƙungiyoyin samarin da ake kira pale, fuska duk tabon wuƙa, in mun haɗu su ɓoye sigari su gaishe ni, ni kuma in kasa tuna sunansu. Yaron ruwan nan ma bai yi nisa ba. Ya ci sartifika a karo na biyu, ya yi shekara biyu a kwalej, kakar ta rasu, ƙanne suka dawo wuyansa, ya bari. Daga turin ruwa ya koma sayar da bido, daga bido ya kai ga rumfa. Sunan kuwa na hana shi a aji tun a makon, na hukunta duk wanda na ji ya faɗa. Amma magana zarar bunu ce. Ya riga ya fita ƙofa ya bi shi unguwa.

Bara, ana saura kwana kaɗan babbar salla, na je rumfarsa sayen bokiti. Ya tashi ya ba ni kujerarsa, ya aika a kawo mini ruwa mai sanyi, ya rantse ba zai karɓi kuɗina ba. Ina zaune wani ɗan dako ya ƙwala masa kira da sunan. Na ga lokacin da nake ta ɗagawa shekara da shekaru ya zo. Na ce masa, “Ɗana, sunan nan ni na ja maka shi. Ka yafe mini don Allah.”

Ya yi dariya, ba irin waccan ba. Ya ce, “Haba Mushe, ai tuni. Ya zama sunan kasuwa, ko kaya aka ɗoro mini daga Kano shi ake rubutawa a jikin buhu. In ban da ku da ban iya duba takardar kayan ba ma.” Ya ɗan yi shiru yana goge ƙurar wani bokiti da gefen rigarsa. Sa'annan ya ce, “Abu ɗaya ne dai. Babban ɗana ya shiga CI, ajin fari, bana. Ranar da na kai shi, muna shiga na ji wani a bakin ƙofa ya ce ga Yariman Barci an kawo. Yanzu har ƴan ajinsu sun ɗauka. Shekaranjiya ya ce mini ba ya son zuwa.”

Na tambaye shi wace lakwal ce, ya faɗa. Na tambayi sunan yaron, na yanka, ya faɗa. Na maimaita sau biyu, na ari bik ɗinsa na rubuta a tafin hannuna na dama. Da aka koma daga hutun salla, ran Litinin da sassafe, na tada babur.